Jar Safa da Bafulatanin New York

Laraba, 12 ga Yuli, 1978

Yau ma bai ci ba. Na dama masa fura da yogot ɗin kanti, ya kalli kofin, ya juya ya kalli bango. Na tsaya kamar an dasa ni, daga baya na ɗauke.

Wata biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba a garejinsa na Kano. Ƙanena Nata'ala ya kawo shi Landan, ya kama masa wannan flat a Marylebone kusa da likitocin, ya koma ya ci gaba da kula da manyan motocin. Ni da mijina Lawal muka rufe ɗakinmu na Camberwell muka tare nan. Karatuna na harhaɗa magunguna ya tsaya cik.

Likita ya ce ƙafar ba ta mutu ba, harshen ma bai mutu ba, mai su ne ya ƙi. Sista Chundung, 'yar Jos ɗin da ke zuwa motsa masa jiki, ita ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ce min, "Zinatu, in bai taka ba a watannin nan, ƙafar za ta sandare. Da keken guragu za ku mayar da shi." Alhaji Mijinyawa a keken guragu. Na san gara masa kabari.

Alhamis, 13 ga Yuli

Abin da Chundung ba za ta gane ba, ni 'yar fari ce. Tun da na zo duniya bai taɓa kiran sunana ba. "Ku ce mata." "Ina ita waccan?" A hannun Goggo na tashi, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Murja autarmu tana hawa cinyarsa ta ja masa gemu, ni ko ido ba ma haɗawa. Lawal kuma suruki ne, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe shi ya gudu ofis. Gida na mutum uku, kowa yana jin kunyar kowa. Wa zai tsawata masa ya tashi?

Ban ce al'adar ba ta da kyau ba. Na san ƙauna ce ake ɓoyewa. Amma an ɓoye ta har ni mai ita ban san inda aka ajiye ba.

Lahadi, 16 ga Yuli

Zafi. Mun buɗe tagogi, sai ga rediyon tsohon da ke ƙasanmu, wani Ba'amurke yana ta zuba kamar kanya, mutane na ihu a bayansa. Na ga Baba yana dukan katifa da hannunsa mai lafiya. Na ɗauka hayaniyar ce ta dame shi, na sauka a fusace. Tsohon ya buɗe ƙofa da singileti, jajir da shi, ya ba ni haƙuri, ya rage. Da na hau na tarar Baba ya juya min baya.

Juma'a, 21 ga Yuli



Tsohon ya hau da kansa ba da haƙuri, da jarida a hammata. Sunansa Mista Doyil, makanikin jiragen soja ne, yaƙi ya kawo shi Ingila, ya auri Baturiya ya zauna. Ta rasu shekara uku da suka wuce. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin Baba yana ta bayani, wai a gafarce shi, ƙungiyar garinsu Boston ta ba New York ratar wasa goma sha huɗu, bana kam kofi nasu ne, shi ya sa yake manta kunnen maƙwabta.

Sai na ji murya daga kan gado. A karkace, a shaƙe, amma murya.

"Forty-nine."

Tsohon ya daskare. Ya ce, "Me ka ce?" Baba ya maimaita, har da ɗaga yatsa biyu. Mista Doyil ya jawo kujera ya zauna ba wanda ya ba shi izini, ya ce, "Ya Ubangiji, har a nan ma?"

Ashe a 1949 'yan Boston sun je New York suna gaba, saura wasa biyu a gama, ɗaya kawai suke nema, aka cinye su duka biyun. Shi ne abin da Baba ya tuna masa. Maganarsa ta farko tun da ya faɗi, kuma gori ne ga baƙo.

Na shiga kicin na yi kuka. Rabi murna. Ɗaya rabin ba zan rubuta ba.

Asabar, 22 ga Yuli

Na tuna yanzu. Wata tsohuwar hula mai baki a ƙasan adakarsa, da muna yara. Lokacin yaƙin Hitila yana saurayi yana jan tankar mai a filin jirgin Kano, sojojin Amurka na sauka can. Su suka koya masa wasan, wani ɗan New York ya bar masa hular. Ashe wasan yake bi a rediyon da yake murɗawa a soro shi kaɗai, muna cewa labarin duniya yake ji. Shekara talatin da wani abu yana bin ƙungiyar garin da bai taɓa takawa ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Talata, 25 ga Yuli

Besbol sunan wasan. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga, in ya zagaya kusurwa huɗu ya dawo inda ya tashi, an ci ɗaya. In ya make ta ta tsallake katanga, sai ya zagaya yana taƙama. In kuwa an cafe ta a sama, an fitar da shi. Kusan kullum ake yi, wata shida, wanda ya fi yawan nasara shi ne gaba. Manya da gemu. Ƙungiyar Boston kuma sunanta wai Jar Safa. Safa dai ta ƙafa.

Kullum da hantsi Mista Doyil yana hawowa da jaridar Amurkawa da ake bugawa a Faris, mai labarin shekaranjiya. Baba ya sha rabin kofin fura yau, don kada a ce ɗan New York ba ya iya riƙe kofi.

Laraba, 2 ga Agusta

Turancin Baba na sojoji ne. Akwai kalmomin da na ji yau daga bakin Alhaji guda da ban taɓa zaton ya sani ba. Lawal ya ji daga falo, ya ɗauki jakarsa ya fita a kan yatsun ƙafa.

Litinin, 7 ga Agusta

Azumi ya kama. Ranar Landan ba ta san faɗuwa ba. Likita ya hana Baba yi, kuma hakan na cin ransa.

Na yi waya da Nata'ala, na ba shi labarin tsohon. Ya ce, "Yaya, ai Kacalla ya samu." Sai komai ya faɗo min. Alhaji Kacalla, Babarbaren nan mai sayar da tayoyi, wanda kullum da la'asar yake zuwa gareji su yi ta zagin juna shi da Baba, irin wasan Fulani da Barebari, har yaran mota su taru suna dariya. Bara ya rasu. Nata'ala ya ce tun daga ranar Baba ya daina zama a waje.

Wato shekara guda ba wanda ya zage shi. Kowa "ranka ya daɗe", tun da ya kwanta kuma kowa "sannu". Ni ce kan gaba wajen sannun. Ina jin da ita muka kusa kashe shi.

Alhamis, 10 ga Agusta

An samu matsala. Suna cikin musu Baba ya ji daɗi, ya nuna Mista Doyil ya ce masa da Turanci, "Kai bawana ne." Haka yake ce wa Kacalla, Kacalla ya ce kai ne dai bawan, a yi dariya a wuce. Mista Doyil fuskarsa ta sauya. Ya naɗe jaridarsa, ya ce sai anjima.

Baba ya jira ramuwa, ba ta zo ba. Ya juya bango. Da Lawal ya shigo gaisuwa, ya ce masa da ƙyar, "Tausayina yake ji." Bai ci abincin dare ba.

Juma'a, 11 ga Agusta

Na sauka, da azumi a bakina da haushi a raina. Na tarar da shi zaune, rediyo a kashe. Na yi masa bayani iya iyawata: a wurinmu wanda ka ce wa haka, ka ɗauke shi ɗan'uwa ne, kuma dole ya rama, in bai rama ba ya raina ka. Ya daɗe yana murza goshi. Ya ce, "Yarinya, na gane. Amma ni farar fata ne daga Amurka. In na buɗe baki na mayar masa da wannan kalmar, ban cancanci in sake hawa benen nan ba." Ni ma na gane.

Ya ce to me kuma marigayin yake ce masa? Allah ya gafarta min, na zauna na koya wa Bature zagin ubana. Ɓarawon shanu. Ɗan daji. Mai ƙafa kamar sillen kara. Ya rubuta a tafin hannunsa da biro.

Ya hau, ya tsaya a ƙofa, ya duba hannunsa, ya ce, "Barawon shano."

Baba ya yi dariya har ya sarƙe, sai da na kawo ruwa. Da na miƙa masa kofin ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, na ɗan lokaci. Ya san wanda ya koyar.

Talata, 15 ga Agusta

Ratar ta koma tara. Baba ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ya faɗe shi tiryan-tiryan, ba inda harshen ya sarƙe.

Laraba, 23 ga Agusta

Chundung ta ce bakin ya dawo, saura ƙafa. Yana yarda ta tsayar da shi jikin gado, amma ya ƙi sanda, ya ƙi takawa. In na matso in tallafa, sai ya ɗaga hannu, wato a'a. Ita yana yarda ta riƙe shi. Baƙuwa. Na sani, na sani. Amma yana min ciwo.

Litinin, 4 ga Satumba

Sallah. Lawal ya je idi, na yi tuwon shinkafa da miyar taushe da alayyahun gwangwani. Mista Doyil ya hau da kwat da lakataye, ya ci da cokali yana share gumi. Baba ya ce mutumin da bai iya cin tuwo ba ina zai iya riƙe rata. Ta sauko wajen biyar.

Da zai sauka ya tsayar da ni a matakala. Ya ce daga gobe gwiwarsa za ta fara ciwo. Na ce subhanallahi, tun yaushe? Ya kashe min ido ɗaya. Ya ce, "In ɓarawon yana son jarida, ya san inda nake."

Asabar, 9 ga Satumba

New York sun je har gidan Boston, wasa huɗu a jere. Biyu na farko an yi wa Jar Safa dukan kawo wuƙa. Mista Doyil bai hawo ba, sai dai ya ƙure rediyo. Baba yana kan gado kamar an ɗaure zaki, ga gori cike da baki ba wanda zai yi wa.

Litinin, 11 ga Satumba

Duka huɗun. Ratar goma sha huɗu ta zama babu.

Ina wanke-wanke na ji ƙwas, ƙwas. Na leƙo. Baba ne da sandar da ya rantse ba zai taɓa ba, yana bin bango, yana jan ƙafar dama. Na yi kamar in ruga, Chundung ta riƙe min zane. Ya kai bakin matakala, ya kama ƙarfen, ya leƙa ƙasa, ya ƙwala kira: "Babarbare! Fito ka karɓi gaisuwar mutuwa!"

Ƙofar ƙasa ta buɗe. Mista Doyil ya ɗago kai, ya ga mutum a tsaye. Ya ciro hankici ya fyace hanci, sannan ya ce, "Ɗan daji."

Matar da ke flat ɗin gaba ta leƙo ta tambaya ko a kira 'yan sanda.

Talata, 19 ga Satumba

Ana murna sai ga wannan. An bugo wa Mista Doyil waya, yayarsa tana asibiti a Boston, rai a hannun Allah. Gobe zai tashi. Rabonsa da gida tun bikin wani ɗan'uwansa, ya ce har ya manta shekarar. Ƙungiyar tasa kuma yanzu ita ke baya. Ya ce, "Zan je in yi jinya biyu."

Sun yi sallama ba zagi ko ɗaya, abin ba daɗin ji.

A ƙasa ya ba ni makullin flat ɗinsa, don rediyon ba ya kama tashar sojojin Amurka sai a can, inda ya zura waya ta taga zuwa bishiyar baya. Sannan ya ɗauko hularsa mai harafin B ya ɗora min a hannu. Ya ce, "Dole wani ya riƙe wa Boston wuri a gidan nan." Na ce ba ni ba. Na ce 'yar fari ba ta wasa da ubanta, ko sunana ba ya kira. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne mutumin nan ba ya tashi sai da abokin gaba.

Na sa hular a ƙasan akwatina.

Alhamis, 21 ga Satumba

Sandar Baba tana jingine inda ya bar ta.

Asabar, 23 ga Satumba

Kwana uku bai sauko daga gado ba. Na sayo jaridar a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na ajiye masa, bai buɗe ba. Lawal ya gwada, wai "Baba, an ce ƙungiyarku tana ƙoƙari." Baba ya ce, "Madalla." Lawal mutumin kirki ne, amma ko kaza ba zai iya tsokana ba.

Chundung ta ce farkon wata likita zai duba shi ya yanke shawara. Ta kalle ni ta ce, "Ke kuma me kike jira?" Na ce ba ki san al'adarmu ba. Ta ce ta san keken guragu.

Lahadi, 24 ga Satumba

Na yi.

Ban sa hular ba, wannan kam ya yi yawa. Na rataye ta a ƙusar da ke jikin ƙofarsa. Na shiga da tsintsiya kamar shara ta kawo ni, na juya masa baya, na fuskanci taga. Na ce wa tagar, "An ce wai wasu masu kuɗin New York sun sha kashi a garin Cleveland."

Shiru. Na ce shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza.

Can sai na ji ya gyara murya. Shi ma ba ni ya kalla ba, silin ya kalla. Ya ce, "An ce wai wasu rabonsu da kofi tun kafin jirgin sama ya sauka Kano."

Na ce wa taga, "An ce jaridar tana falo. Mai so ya je ya ɗauka."

Na fita na shige banɗaki na kulle. Ina ciki na ji ƙwas, ƙwas.

Laraba, 27 ga Satumba

Mu muna ci, su ma suna ci. Ratar ɗaya ta ƙi motsi.

Na rubuta "mu".

Juma'a, 29 ga Satumba

Taga da silin sun sha zagi a makon nan. Yau ya ce wa silin wasu safarsu ja ce don kunya. Na ce wa taga wasu da kuɗi suke sayen 'yan wasa kamar shanu a kara, ba mamaki ɓarayin shanu ke son su. Na faɗa kafin in yi tunani. Na ji gadon yana girgiza, dariya yake yi ba sauti.

Na fara gane lissafin da ke bayan jaridar, har na yi musu da mai sayar da ita, wanda bai san komai a kai ba. Akwai wani dattijon ɗan wasa a Boston, shekara goma sha takwas yana buga musu bai taɓa ɗaukar kofin ba. Ina tausayinsa ƙwarai.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Na sauka ni kaɗai na kunna rediyon. New York sun faɗi, mu mun ci. Kunnen doki bayan wata shida! Gobe wasa ɗaya tak a Boston, wanda ya ci ya wuce. Na hau da gudu har na yi tuntuɓe. Na ce wa taga, "An ce gobe za a yi ta ta ƙare. An ce kuma rediyo ba ya hawa bene."

Talata, 3 ga Oktoba

Jiya ban iya rubutu ba.

Lawal yana wurin liyafar 'yancin kan ƙasarmu a ofishinsu, Chundung ba ranarta ba ce. Bayan magariba na ji shi ya fito. Ya sa babbar riga da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya tsaya bakin matakala ya daɗe yana kallon ƙasa. Sanda a hagu, ƙarfen riƙewa a dama, hannun dama kuwa ba ƙarfi. Lissafin bai fita ba, ni da shi duk mun gani.

Na sauka taki ɗaya na tsaya a gabansa, na ba shi baya. Na jira. Sai na ji hannu a kafaɗata. Nauyinsa ya ba ni mamaki, da ƙanshin turarensa da na sani tun ina leƙen soro. Muka sauka a hankali, yana numfashi a bayan kunnena. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, kuma ban so ya ƙare da wuri ba.

Ya zauna a kujerar Mista Doyil. Ni na zauna a ƙasa kusa da rediyon, hular a cinyata. Muryar tana zuwa tana ɗaukewa.

Mu muka fara ci. Biyu da babu har wasa ya yi nisa. Na kasa riƙe bakina, na ce wa rediyon an ce wasu sun yi shiru. Ya ce wa labule ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Sai wani ɗan tsurut a cikinsu, wanda mai sharhi ya ce ba a san shi da ƙarfin duka ba, ya make ta. Mai sharhin ya ce ta tashi sama, za a cafe. Ba a cafe ba. Ta tsallake katanga, mutum uku suka zagayo gida, sun ci uku ke nan. Filin ya yi tsit har na ɗauka tashar ce ta ɗauke. Baba ya buga sanda a ƙasa. Suka ƙara biyu. Muka rama biyu. Biyar da huɗu, zagayen ƙarshe, mutanenmu biyu na kan hanya, ga dattijon nan nawa riƙe da kulki. Na sa hular a kaina a kan ɗankwali, ban ma san na sa ba. Na yi masa addu'a, Allah ya yafe min, addu'a sosai.

Ya doke ta ta tashi sama ɗan kaɗan, aka cafe. Shi ke nan.

Ban san zan yi kuka ba. Wasan da wata uku da suka wuce ban san da shi ba, garin da ban taɓa gani ba. Na kifa kai a gwiwa ina ta yi, na dattijon, na Mista Doyil da ke can, da na wasu abubuwa da suka daɗe suna jiran hanya.

Sai na ji ya ce, "Ke."

Ba labule ba, ba silin ba. Na ɗago. Ni yake kallo.

"Ke 'yar Boston. Share hawayenki. Haka kuke tun kafin a haife ki."

Na ce, "Baba, da ɗaya ne fa."

Ya ce, "Ɗaya ba ci ba ne? Tashi ki kai ni sama, na gaji da zama a gidan waɗanda aka cinye."

Juma'a, 6 ga Oktoba

Likita ya sa shi ya taka daga ƙofa zuwa taga ya dawo. Ya ce a ci gaba da motsa jiki a gida, ba ya buƙatar keke. Chundung ta rungume ni a baranda. Baba ya tambayi likitan ko yana bin besbol, ya ce a'a, kurket. Baba ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Kati ya zo daga Mista Doyil. Yayarsa ta farfaɗo. Yana cikin filin ranar, ya ce bai taɓa jin shiru irin wannan ba. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe, a gaishe da barawon shano.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ya tafi yau. Nata'ala ya zo ɗaukarsa. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta turo keke, ya kalle ta har ta juya da abinta. Ya yi wa Lawal addu'a doguwa. Sannan ya ce masa, "Ka ce mata..." sai ya tsaya. Ya juyo.

"'Yar Boston. Baɗi ma haka za mu yi muku."

Na ce, "Allah ya kai mu, Baba. Za mu gani."

Nata'ala ya saki baki yana kallonmu. Na bi bayan Baba da ido, da sandarsa, har ya shige.

Sunana dai bai kira ba, kuma ba zai kira ba. Ban damu ba.

Mun koma Camberwell, Litinin zan koma aji. A hanya na sayi jaridar, sabo ne kawai, ai an gama wasan bana. Na tambayi Lawal ko rediyonmu yana kama gajeren zango, ya ce me zan ji, na ce labarin duniya. An ce watan Afrilu suke farawa. Hular tana jikin ƙusa a bayan ƙofa, zan mayar wa mai ita in ya dawo. Ko kuma in ya tambaya.